Rasuwar Baba Shawish, da maganar jakin da ta taso a zaman makoki

Jikan Shawish (Jidda): Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'ar zaure, Allah ya yi wa kakanmu Baba Shawish rasuwa daren jiya bayan isha, a Gadarif ta ƙasar Sudan, gidan Goggo inda yake zaune tun da yaƙi ya fitar da su daga Jazira, yankin noman auduga. An kai shi makwancinsa yau da hantsi. Ba wata doguwar jinya, kwana uku ne ya ƙi abinci sai shayi. Ana zaman makoki a gidan, ranar Alhamis za a ɗage tabarma. Duk wanda yake binsa bashi ko wani hakki ya yi magana, mu 'ya'ya da jikoki mun ɗauka.

Malam na Maiurno: Allahu akbar. Bango ya faɗi. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya zama dausayin Aljanna, ya ba ku haƙurin rashi.

Ustaza (Kassala): Albarka a cikinku, ɗan'uwa. Allah ya gafarta masa. Shekara nawa ya yi?

Jikan Shawish (Jidda): Amin, na gode. A takarda an rubuta 1/1/1925, to amma kin san takardar tasnin ce, likita ya dubi haƙora ya yanke. Rabin dattawan ƙasar nan ranar ɗaya ga Janairu aka haife su.

Malam na Maiurno: Takardar ta ci masa shekaru. Da bakinsa ya sha gaya mini cewa lokacin da aka gama madatsar Sinnar yana bin yayyensa kiwon awaki, har yana kai wa mahaifinsa fura wurin aikin. An gama madatsar a 1925. Jariri ba ya kai fura. Ku ƙara biyar ko shida a kan abin da likita ya rubuta.

Ɗan Haɗeja: Allah ya jiƙan Baba. Mu nan gida labarinsa kawai muke ji, cewa kakan kakanmu yana da ƙane da ya tafi gabas bai dawo ba. Don Allah wanda ya san shi ya ba mu tarihinsa, mu ma mu gaya wa yara.

Malam na Maiurno: To ɗana, wannan ƙanen shi ne mahaifin marigayi. Ya bar ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar hajji, bayan Burmi da 'yan shekaru. Ka san a Burmi ne Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da waɗanda suka tsira, har suka kafa garin nan namu a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. Daga nan duk wanda ya taso daga yamma nan yake yada zango. Hanyar ita ce Barno, Wadai, Fashir, Ubayyid. Ba tafiyar wata ɗaya ko biyu ba ce. A yi noma a wani gari damina ɗaya, a tara guzuri, a ƙara gaba. Shi mahaifin nasu guzurinsa ya ƙare a nan, ya yi aure, ya shiga aikin madatsa, Allah bai nufe shi da ganin Ka'aba ba. Marigayi ne ya je ya yi masa, ta Sawakin, bayan ya yi nasa.

Ustaza (Kassala): Allah gafarta Malam, maganar soja fa? Mu yara muna jin ana cewa ya yi yaƙin Karan, can ƙasar Eritriya. Wasu kuma na cewa ko dutsen bai hau ba.

Tsohon Direba (Bur Sudan): Salamu alaikum. Sai yanzu na samu intanet. Wallahi tun safe na kasa cin komai. Ustaza, wannan ni zan ba ki amsa, domin shekara tara ina yaron motarsa, ba labarin da ban ji ba sau goma.

Ya shiga soja a Gadarif a 1940, shekarar da Italiya ta kama Kassala. Ya ce ba kishin Ingilishi ya kai shi ba, albashi ne da takalmi. Dutsen Karan ya hau, amma ba da bindiga a hannu ba. Ruwa yake kaiwa. Sojojin Indiya na can sama a maƙale jikin duwatsu, Italiyawa na samansu suna jefo musu wuta, su kuma su Baba suna hawa da dare da alfadarai da garewanin ruwa. Inda alfadari ya ƙi, mutum ya ɗora a kafaɗa. In aka ce masa jarumi sai ya yi dariya ya ce, "Ni ɗan garuwa ne na Sarkin Ingila." Abin da bai taɓa faɗa da dariya ba shi ne warin gawa a kwazazzaban nan. Ya ce har ya tsufa in ya ji warin mushe a hanya sai Karan ta faɗo masa.

Ustaza (Kassala): Wannan ya dace da abin da muke koyarwa. An fara gwabzawa a Karan farkon Fabrairu 1941, ba ta faɗi ba sai ƙarshen Maris, Asmara ta biyo baya ranar 1 ga Afrilu. Amma a littafin makaranta ba ka jin labarin masu ɗaukar ruwa.

Tsohon Direba (Bur Sudan): Bayan nan aka tura su arewa, ayarin motocin da ke kai kaya daga Wadi Halfa zuwa Kufra cikin Libiya. Can ya koyi tuƙi da gyaran inji, can kuma ya samu igiyoyin shawish ɗin, wato saje, da sunan ya bi shi har kabari.

Bari in ba ku abu ɗaya da na gani da idona. Kafin Sinawa su shimfiɗa kwalta daga Madani zuwa Gadarif a shekarun 1970, hanyar nan baƙar laka ce, in ruwa ya sauka mota ta kwana huɗu wuri ɗaya ba abin mamaki ba ne. Wata damina muka kafe kusa da dutsen Fau, Sifinja cike da dawa, ƙafar baya ta nutse har gindin bodi. Motoci uku a gabanmu, direbobinsu sai taka mai suke yi, taya na juyawa tana ƙara haƙa wa kanta rami. Baba ya kashe inji, ya ce in hura gawayi. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata yanzu lokacin shayi ne? Ya sha kofi biyu yana kallon ƙasa. Sai da rana ta ɗan busar da saman lakar ya tashi, ya sa muka sauke buhu ashirin, ya rage iskar taya, ya jawo wasu faifan ƙarfe biyu masu huda-huda da yake ɗaure da su a gefen mota tun zamanin Kufra, muka cusa ƙarƙashin taya. Giya ɗaya, a hankali kamar mai tallabe ƙwai, mota ta fito. Sannan ya koma ya fitar da ukun nan ɗaya bayan ɗaya, bai karɓi ko girshi ba. Ni kuwa buhu ashirin ɗin nan ni na mayar da su sama ni kaɗai, saboda ya ga fuskata lokacin shayin.

Ɗan Haɗeja: Allah Sarki. Mene ne Sifinja kuma?

Tsohon Direba (Bur Sudan): Bedford ce, irin mai dogon hanci. Makanikan Sudan suka sake mata gini, suka ƙara mata ƙarfi. Don laushin tafiyarta aka ce mata sifinja, wato soso.

Ɗan Kambo (Riyad): Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Amma jikansa da kansa ya ce mai hakki ya yi magana, to zan yi. Kowa na faɗin soja da mota, ba wanda ya faɗi kanti. Baba Shawish ya yi shekaru yana ba da shail a kambonmu, wato ƙauyen 'yan ƙwadagon gona, kuma ba kowa ya fita hannunsa da daɗi ba. A 1984 mahaifina ya karɓi shail na buhu shida. Ruwa bai zo ba, gonar ko kara ba ta yi ba. Bayan kaka ya aiko aka kwance jakinmu. Jakin nan da shi muke jan karo muna sayar da ruwa, shi ne abincin gidan. Ina da shekara goma sha ɗaya, ni na riƙe igiyar har aka karɓe ta daga hannuna. Shekarar na bar makaranta.

Tsohon Direba (Bur Sudan): Haba ɗan'uwa. Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a yi hattara. Gidan makoki ne.

Ɗan Kambo (Riyad): Ban zage shi ba, Kawu. Abin da ya faru na faɗa.

Malam na Maiurno: Ku bar shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Amma neman hakki ba zagi ba ne, gata ne ma ga mamacin a warware shi tun nan. Gara a faɗa a zaure da a faɗa ranar da ba dinari ba dirhami.

Ɗan Haɗeja: Ku yi mini uzuri, shail ɗin shi ne me? Bashi da ruwa?

Ustaza (Kassala): Kusan irin abin da kuke ce wa falle. Tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare ga ciyawa na neman cinye gona, manomi ya je wurin mai kanti ya karɓi kuɗi ko sukari da mai, a kan zai biya da buhunan dawa ko riɗi in an girbe. Mai kanti ke yanka farashin, kuma kullum ƙasa yake da na kasuwa, wani lokaci nesa ba kusa ba. Banki ba ya kallon wanda ba shi da takardar gona, to ina za shi?

Kuma a nan ne nake ganin sai an duba abin da faɗi. Mutanen kambo su ne suka riƙe Jazira: shuka, cira, tsinkar auduga. Amma hawasha, wato gonar da hukumar aikin ta yanka wa manomi, da sunan wani take. Namu sai dai ya yi sharaka, ya yi wahalar a raba amfanin biyu. Shi kansa marigayi haka ya yi ta yi.

Jikan Shawish (Jidda): Gaskiya ne. Mahaifinsa ya taɓa samun hawasha farkon shekarun 1930, lokacin da auduga ta faɗi masu gonaki suka gudu suka bar su. Da kasuwa ta gyaru aka karɓe. Baba ya dawo daga soja da ɗan kuɗin sallama, ya yi zaton kakin da ya sa zai sa a rubuta masa. Da aka buɗe Manakil ƙarshen shekarun 1950 ya sake nema, aka ce ina jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Gonar da ya noma fiye da shekara arba'in, ya san kowane lungu na abu ishirin ɗinta, wato magudanar ban-ruwanta, har ya bar ta ba da sunansa take ba.

Ustaza (Kassala): Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa ta yi sai kakanninka na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Burmi kuwa 1903 ce. Ka ga da alƙalami ɗaya an bar mafi yawan mutanenmu a waje, har da wanda aka haifa a bakin Nilu ya kuma hau Karan. Sai dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956.

Ɗan Kambo (Riyad): Ustaza, duk na yarda. Amma wanda aka danne shi ya fi kowa sanin zafin danniya. Mu ma ba mu da jinsiyyar, ba mu da hawashar, ba mu kuma da Sifinja. Balarabe mai kanti ya karɓe maka jaki ka ce dama. Naka ya karɓe, da Hausa ya yi maka sallama, shi ne abin da ya tsaya mini shekara arba'in.

Tsohon Direba (Bur Sudan): To ka faɗi ɗaya, ka bar ɗaya. A shekarar nan ta 1984 zuwa 1985, kafin dawar Amurka da mutane suka sa wa suna Rigan ta iso, wa ya buɗe matmura biyu, wato ramin ajiyar hatsi, ya raba wa kambo da kwano? Ni na haƙa bakin ramin. Dawar fatarita ce ta shekara uku, da ya kai kasuwar Gadarif da ya sayi mota ta biyu.

Ɗan Kambo (Riyad): Mun ci, Kawu, ban musa ba. Mahaifiyata ta karɓo kwano huɗu. A kanta ta ɗauko, tunda ba jaki.

Malam na Maiurno: Hmm.

Bari in faɗi abin da na sani na hukunci, sauran kuma na Allah ne. Asalin wannan ciniki shi ne salam, kuma halal ne. Manzon Allah ya iske mutanen Madina suna yinsa a kan dabino, ya ce a yi da sanannen mudu da sanannen awo zuwa sanannen lokaci. Bankunanmu ma da sunan salam suka riƙa ba manoma kuɗi a shekarun 1990. Inda ɓarnar take wuri biyu ne: a karya farashi saboda an ga mutum a matse, da kuma a ƙi jinkirta wa wanda ya kasa, alhali Alƙur'ani ya ce in mai bashi yana cikin ƙunci a saurara masa zuwa sauƙi. Na yi wannan maganar da marigayi ba sau ɗaya ba, yana raye, ido da ido. Amsarsa kullum ita ce shi ma a Madani wani babban ɗan kasuwa ke binsa, in bai kai buhu ba motarsa za a kwance. Na ce masa wannan uzuri ne, ba hujja ba. Ya yi fushi, wata biyu bai zo karatu ba. Daga baya ya dawo, kuma na san ya bar shail kwata-kwata bayan yunwar nan, ya koma sayen riɗi da kuɗi hannu.

Ummu Hanan (Gadarif): Salamu alaikum. Ni ce 'yar Goggo. Na karanta mata duk abin da aka rubuta, ta ce in rubuta muku wannan yadda ta faɗa.

Ta ce: ɗana na Riyad, na gane ka, na san mahaifiyarka, tare muka yi tsinkar auduga. Ba ka yi laifi ba. Baba mutum ne mai tsauri a kan lissafi, mu 'ya'yansa ma in muka ɗauki sabulu a kanti sai ya rubuta. Ranar da muka fito daga ƙauye, watan Disamba na 2023 da Madani ta faɗi, mun ɗora shi a karo ya ce a sauke shi, ba inda za shi sai da akwatin ƙarfensa. Ana jin harbi, yara na kuka, muka bar buhun gari muka ɗauko akwatin. Tun da muka zo Gadarif yana ƙarƙashin gadonsa, makullin a wuyansa. Da aka ce soja sun karɓe Madani a Janairun 2025 ya ce a shirya shi ya koma ya ga gona, ƙafa ce ta ƙi. Jiya wajen wanka aka cire makullin. Yanzu za mu buɗe.

Jikan Shawish (Jidda): Goggo, a buɗe a gaban Kawu da mutum biyu daga maƙwabta.

Ummu Hanan (Gadarif): An buɗe. Ga abin da ke ciki: takardar sallamarsa daga soja, ta yi laushi kamar tsumma, an naɗe ta cikin leda uku. Lambar tagulla mai siffar tauraro, zarenta ya cinye. Takardar tasnin. Jinsiyyarsa, koriyar hularsa ta hoto duk ta koɗe. Tsofaffin kuɗi, fam na zamanin Numairi da dinari, waɗanda ko gyaɗa ba za su saya ba yanzu. Sai littattafai uku na lissafi, da ajami, rubutun hannunsa. Bai rubuta bashi da kuɗi ba, duk da buhu da mudun kaila ya rubuta.

Tsohon Direba (Bur Sudan): Haka yake. Yakan ce fam yana tsufa, buhu ba ya tsufa. Kuma ga shi, fam ya koma dinari a 1992, dinari ya koma fam a 2007, buhu na nan yadda yake.

Ummu Hanan (Gadarif): Kawu ya samo shafin. Sunan mahaifinka na nan, yaya. An rubuta buhu shida. Ƙarƙashinsa an rubuta jaki, buhu huɗu. Saura biyu. An ja layi a kan biyun da wani alƙalami daban, shuɗi, an rubuta na yafe. A gefe kuma, da shuɗin dai, akwai kalma biyu: a duba. Shafuka da yawa na shekarar suna da wannan a duba ɗin, mun ƙirga goma sha ɗaya.

Ɗan Kambo (Riyad): Buhu huɗu. Jakin nan farin jaki ne, mahaifina ya ƙi sayar da shi a kan abin da ya fi haka nesa.

Tsohon Direba (Bur Sudan): A shekarar yunwa? Lokacin da ake ba da saniya a kan buhu ɗaya? Dabba ba ta da kuɗi a 1984, dawa ce ke da kuɗi.

Ɗan Kambo (Riyad): Shi ya sa ba a karɓar dabbar mutum a shekarar yunwa, Kawu.

Malam na Maiurno: Ya isa haka, ku biyun. A duba ɗin nan wasiyya ce, ko bai kira ta da sunan ba. Kafin a raba ko allura a gadonsa sai an bi shafuka goma sha ɗayan nan. Ummu Hanan, ɗauki hotonsu ki turo mini ni kaɗai, kada a sa sunayen mutane a zaure. Wanda ya rasu a nemi magadansa. Na san da wuya, kambon ya watse, wasu na Kassala, wasu na Bur Sudan, wasu sun haye Habasha. A fara da wanda aka samu.

Jikan Shawish (Jidda): Mun ji, Allah gafarta Malam. Yaya na Riyad, turo mini lambarka ta gefe. Malam ya ƙiyasta kuɗin jaki mai jan karo a kasuwar yau, in tura maka ta manhajar banki ta Bankak ko in ba ka riyal a nan, duk wanda ya fi maka. Makarantar da ka bari kuwa ba ni da abin da zan biya ta da shi, sai dai in roƙe ka.

Ɗan Kambo (Riyad): Ba ni ne mai jakin ba. Mahaifina ya rasu, amma tsohuwa na nan a Kassala wurin ƙanwata. Ita za a tambaya, abin da ta ce shi ke nan. Ni dai ban taɓa sanin ya rubuta ba. Na ɗauka ya manta tun ranar.

Allah ya jiƙansa.

Ustaza (Kassala): Wace unguwa suke? In yamma da kogin Gash ne kusa muke, gobe bayan makaranta sai in je in same ta da kaina, ba a yi wa tsohuwa irin wannan maganar ta waya ba.

Ɗan Kambo (Riyad): Yamma da Gash ne. Zan turo miki kwatance. Ki je da safe in da hali, da yamma ba ta ji sosai, kuma ki ce mata daga wajen 'yar Shawish kike, ta fi sanin Goggo da wannan sunan.

Ɗan Haɗeja: Ummu Hanan, don Allah in an natsu a ɗauko mana hoton takardar sojan da tauraron nan. Akwai tsoho a gidanmu da ya kusa casa'in, tun ɗazu yake tambaya ko an ga sunan garinmu a jikin takardar.

Ummu Hanan (Gadarif): Na duba, Baffa. Wurin gari Maiurno aka rubuta. Wuta ta ɗauke yanzu, in ta dawo zan ɗauka da haske in turo.